Usur ɗin da Malam Abdulkabir Bai Busa Ba

Malam Abdulkabir ya shekara ashirin da biyu yana koyar da motsa jiki a makarantar da na shugabanta a ƙasar Dawakin Tofa. Gajere ne, mai sanyin murya, kullum da usur rataye a wuyansa. Shi ya kafa sandunan ƙwallon kwando a bayan ajin ƙarshe, ya sa maƙeri ya lanƙwasa masa rodi ya zama zobe. Daga baya ya yi kwas, ya samu takardar alƙalanci, aka riƙa kiransa birni yana alƙalancin wasannin ƙwararru.

Yana da yaya, Furera, wadda ke aure a wani ƙauye kusa da Watari. Ɗanta Fatihu ya tashi dogo, sai ya sunkuya kafin ya shiga zaure. A hannun kawunsa ya koyi wasa. Sai dai Malam mutum ne mai kara ƙwarai. A wurinmu, idan ɗanka ya yi faɗa da ɗan wani, naka kake tsawata wa, ko da shi aka zalunta. Haka Malam ya ɗauki wannan tarbiyya ya shiga da ita fili: idan aka ture wani yaro sai ya busa, idan aka ture Fatihu sai ya kau da kai. Na taɓa yi masa magana a ofis.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, in na busa wa nawa, da wane ido zan dubi uban ɗaya yaron?"

Na ce masa doka ba ta san ɗan yaya ba. Ya yi murmushi, ya ce ya ji.

Fatihu yana da shekara ashirin da uku wata ƙungiyar ƙwararru ta ɗauke shi. A kakarsa ta farko aka sa Malam cikin alƙalan wani wasansu. Masu rabon aiki ba su san dangantakar ba, domin karar da ta hana shi tsaya wa yaron ita ce ta hana shi faɗin cewa nasa ne. Muka cika mota daga nan, har da ni.

Kafin a fara, Fatihu ya ratsa fili cikin rigar wasa, ya durƙusa har ƙasa a gaban alƙali, ya ce, "Kawu, ina wuni?" Bai san wata hanyar gaida kawu ba. Magoya bayan ɗaya ƙungiyar kuwa suka ɗauki ihu.

"Kai jama'a, alƙali ya zo da ɗansa!"

"A ba su kofin mana, mu koma gida da wuri!"

Na ga fuskar Malam a lokacin, na kuma san abin da zai biyo baya.

An haɗa Fatihu da wani ƙaƙƙarfan mai tsaron baya. Mutumin ya kai wa Fatihu gwiwar hannu a haƙarƙari, a gaban Malam, usur bai yi ƙara ba. Ya sake, shiru. Da mutumin ya gane babu mai hana shi, sai ya daina ɓoyewa. Sauran alƙalan biyu suna can nesa, ƙarƙashin kwandon kuma rabon Malam ne. Yanzu namu mutanen ne ke ihu.

"Malam, usur ɗin na ado ne?"

"Busa mana! Ko sai an kawo likkafani?"

Ana tsakiyar zango na uku Fatihu ya yi tsalle zai jefa ƙwallo, mutumin ya banke shi yana sama. Ya sauko a kan ƙafa ɗaya, gwiwar ta juya. Sai a sannan Malam ya busa. Ya faɗa mini daga baya cewa sau biyar ya ɗaga usur zuwa bakinsa kafin wannan, yana mayarwa, kuma da ya busa na farko da mutumin ya shiga taitayinsa.

Jijiyar gwiwa ta tsinke. Aka fara kai shi wurin mai ɗori, daga bisani asibiti, amma ƙafar ta sandare. Ƙungiyar ta sallame shi kafin damina. Magoya baya suka rubuta takardar koke cewa abokan hamayya sun saye alƙali. Aka yi ta maganar a rediyo mako guda, sannan aka manta. Malam bai kare kansa ba. Ya cire usur ya sa a aljihun tsohuwar riga, bai ƙara amsa kiran birni ba.

Ya je wurin yayarsa yana jiran ta zage shi, ko ya samu sauƙi. Ita ma mai kara ce. Ta ce, "Ƙaddara ce, Abdulkabir. Zauna ka ci abinci." Ba ta ƙara tayar da maganar ba, shi kuma bai samu inda zai nemi gafara ba.

Yau Fatihu yana zaune ne a gefen injin ban ruwa a Watari, yana kunnawa yana kashewa, wasu na shiga gonar tumatir suna aiki. Sandunan bayan aji suna nan, zoben ya yi tsatsa, domin babu wanda ya karɓi aikin bayan Malam ya yi ritaya.

Kowace Juma'a Malam yana zuwa duba Fatihu. Na raka shi sau ɗaya. Da Fatihu ya hango mu, ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar, ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, a tsaye nake gaishe ka. Ƙafar ce ba ta lanƙwasuwa."

Malam ya ce, "Ba komai." Sannan ya kau da kai, ya tsura wa ruwa ido.