Shekara Taran Malama Rakiya

Wata rana a asibitin koyarwa, Malama Rakiya na zaune a layin ganin likita, ta riga ta gama yanke shawara.

Shekara tara ke nan da aka cire mata tayirod, wata 'yar halitta da ke gaban wuya, saboda ciwon daji, wato kansa. Kullum da safe ta sha ƙwayarta ta tafi makarantar firamaren da take koyarwa. Har ta fara manta ta taɓa ciwo.

Sai ga wani ƙullutu a gefen wuyanta. Aka yi gwaji, aka ce ciwon ne ya dawo.

Ranar ta zo ne ta gaya wa likita ba za ta sake yarda a yi mata aiki ba. Ta gaji. Ko 'ya'yanta ba ta gaya wa ba.

Kusa da ita akwai wata matashiya mai goyo, Kubra, wadda aka sa wa ranar irin wannan aikin. Ta hango tabon wuyan Malama, ta gaishe ta, ta tambaya ko ta warke.

Malama ta so ta ce eh. Amma ta kasa yi mata ƙarya, ta ce ciwon ya dawo.

Idon Kubra ya ciko.

"To Mama, mene ne amfanin aikin?"

Malama ta dube ta, ta ce:

"'Yata, autana yana aji uku na firamare aka yi mini. Bana ya shiga jami'a, ni na raka shi tasha."

Ta ci gaba da lissafo mata. Ta aurar da 'yarta, ta ɗauki jika. Rukuni tara na yara sun koyi karatu a hannunta.

Tana faɗa tana jin maganar na shiga kunnenta ita ma.

Da aka kira sunanta ta shiga, sai ta tambayi likita yaushe za a yi aikin. Daga fitowa ta kira babbar 'yarta ta gaya mata komai.

An yi aikin. Muryarta ta ɗan dushe, kuma duk wata shida sai ta koma gwaji. Amma ta koma aji, yaran ne yanzu suke yin tsit don su ji ta.

Darasi: Dawowar ciwo ba ta goge shekarun da Allah Ya ba ka a tsakani. Kada gajiya ta yanke maka hukunci kai kaɗai a ɓoye.

Idan ka san wani da ya gaji da zaryar asibiti, tura masa wannan.