Hoton da Ya Sa Shanu a Gona

Ƙanena Muttaƙa gyaran injin ban ruwa yake yi a Badaguishiri, amma in kana son ganin haƙoransa, yi masa zancen hoto. Tun da ya sawo kyamara ta hannu a Sakkwato muka shiga uku. Ba ya cikin masu cewa "tsaya, gyara hula". Abin da ke faruwa yake bi kamar ɗan jarida, alhali ko rediyon gari bai taɓa ba shi aiki ba. Ranar sunan ɗiyata na ci ado, ya bar ni tsaye ya tafi ɗaukar tsohuwa mai tuƙa tuwo. Har yau ban yafe ba.

Dokoki gare shi, yana karanto su kamar wa'azi. Rana ta kasance a bayanka. Kada ka sa mutum ya maimaita abin da ya yi. Ka tambayi suna, ka rubuta wuri. Babbarsu ita ce: ɗauki abu daga nesa a ga wurin, matso a ga mutanen, ƙara matsowa a ga fuska da hannu.

"Yaya Humaira," in ji shi, "hoto guda shaida guda ne, alƙali ba ya yanke hukunci da shi."

Sai wani jandarma da aka yi wa canjin wurin aiki ya sayar masa da gilashin kyamara dogo, kamar guntun taɓarya. Muttaƙa ya raɗa masa suna dogon ido. Kana tsaye nan, ya jawo maka fuskar mai tafiya can bakin fadama. Na ce masa abin nan zai koya maka ƙiwuya, ya yi dariya.

Da kaka ya zo mini kwana biyu a ƙauyenmu, kusa da Tajaye. An yanke gero, dawa na tsaye, ba a saki gonaki wa dabbobi ba tukuna. Wanda ya san ƙasarmu ya san lokacin nan ko akuya ba ta yin kuskure. Bayan la'asar ya hau tudu, ya hango Dikko, Bafillacen da rugarsa ke bayan gari, wanda matarsa ke kawo mini nono tun ina amarya. Yana kora shanunsa ta burtali, hanyar da aka keɓe wa dabbobi. Muttaƙa ya ɗauka. Wallahi hoton ya yi kyau: fararen ƙahoni sun leƙo ta saman jajayen kawunan dawa. Ya tura wa zauren 'yan gari na waya, ko kalma bai rubuta a ƙasa ba.

Kafin gari ya waye hoton ya kai Abijan, inda 'ya'yan Baba Mahamudu ke ci-rani. Kowa ya gane itacen gawon da ya fito a hoton, wanda ke tsakiyar gonar ubansu. Saƙonnin murya suka dinga shigowa: ana cinye gonar tsoho kuna zaune? Da hantsi samari sun kamo Dikko, sun ja shi ƙofar maigari, jini na zuba daga girarsa. Wasu kuma sun taru da sanduna da kwalbar fetur, sai rugar suke kallo, mata da yara na ciki. Wani dattijo ya ce a je a duba sawu, aka yi masa ca. Wa ke neman sawu ga hoto a hannu?

Na iske Muttaƙa yana shan kunu. Na dangwara masa wayata. Cokalin ya faɗi.

"Ba su shiga ba! Bayan gonar suke, da nisa ƙwarai. Dogon ido ne ke matse nisa, ya manna na baya da na gaba."

"To fito da na nesa, mai dokoki, a ga wurin."

Ya sunkuyar da kai. Bai ɗauka ba. Rana na faɗuwa, ya ga kyau, ya danna sau ɗaya ya sauko. Na so in kwaɗa masa mari, amma ba lokaci.

A ƙofar maigari ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Sabi'u, ɗan ƙanen Mahamudu, shi ne gaban samari, ya daka masa tsawa: "Mi kake hwaɗi? Jiya hotonka gaskiya, yau ƙarya? Nono suka ba ka ka sha?" Na ga mai kwalbar ya fara zamewa ta bayan taro.

Muttaƙa ya zube gaban Liman. "Allah gafarta Malam, taimake ni da tsayuwa kawai. Ka tafi burtali, ka tsaya jikin turken simintin da ke alamar iyakarsa."

Liman ya dube shi, ya ɗauki sandarsa. Maigari ya ce kowa ya hau tudu, har da mai kwalba. Sabi'u ya rantse in wasa ne, a kan Muttaƙa zai fasa kyamarar.

Kai, ban taɓa ganin tafiya mai tsawo irin ta tsohon nan ba. Yana takawa, yana hutawa, mu muna tsaye muna kallo. Muttaƙa ya ɗora dogon ido bisa kafaɗata, ya saita. Liman ya kai turke ya juyo. Kowa na ganinsa a fili tsirara, tsakaninsa da dawa ya fi jifa.

Ƙyas! Muttaƙa ya miƙa wa Mahamudu kyamarar. Ga farin rawanin Liman tsundum cikin dawa, gawo a gefensa. Tsoho ya dubi hoton, ya ɗaga kai ya dubi Liman, ya sake duba hoton.

"Innalillahi," ya ce. Ya sauka da kansa ya zaga gonar. Ba sawu, ba kashin shanu, ko kara guda bai karye ba. Sandunan suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya iya duban wani.

Muka koma ƙofar maigari. Dikko na zaune inda aka bar shi, ido guda ya kumbura ya rufe. Muttaƙa ya durƙusa zai ba da haƙuri, Dikko ya ɗaga masa hannu.

"Ɗauke ni. Matso."

Muttaƙa ya kwance dogon ido, ya sa ƙaramin gilashi, ya matso har gwiwarsa na taɓa tabarmar. Ya danna.

"Jiya da haka ka matso," in ji Dikko, "da ko sallama ka yi mini."

Muttaƙa ya tura wannan hoton zauren, da suna da wuri da bayani. Abijan shiru. Ba a yi mako ba rugar ta tashi, ba sallama. Hoton Dikko na manne a shagon Muttaƙa, sama da injinan da yake gyara, dogon ido kuwa na ƙasan akwati. Ni kuma nono yanzu sai ranar kasuwa nake saye.