Taraktar Gabriel da Damina ta Bakwai

Mijin yayata, Gabriel, mutum ne mai tafiya kamar rabinsa yana wani wuri. Ka gaishe shi a bakin kasuwar Zuru zai amsa, amma idonsa na kan tudun da ke bayan Rikoto, inda tsohuwar gonar babanmu take. Shekara talatin ya yi yana tuƙa motar soja, ya dawo da ciwon baya da wannan kallo.

Mu na gida mun san abin da ke cinsa. A wurinmu saurayi ba ya samun mata sai ya yi golmo, wato ya noma wa surukinsa damina bakwai. Gabriel ya yi shida saboda yayata Dinah. Ana shirin ta bakwai yaƙi ya tashi, ya bi motar ɗaukar soja. Da ya dawo daga yaƙin babanmu ya ba shi Dinah, har tsohon ya rasu bai tayar da maganar ba. Gabriel ne bai yafe wa kansa ba. Ni kuwa Leah, da yake ƙanwar mata ce, sai na sami abin tsokana, nake kiransa Mai Shida. Yakan yi dariya, amma ba ta kaiwa ciki. Yau ina jin kunyar sunan nan.

A shekarar 2005 idon Dinah ya fara yin yana. A watan da aka gaya masa haka ya tafi Kontagora, ya dawo da wata 'yar tarakta ja a bayan akori-kura, tsayinta bai wuce na maraƙi ba. An ce ciyawa take yanka a gidan wani Bature. Ba ta da giya: a taka gaba ta tafi, a taka baya ta koma, a ɗaga ƙafa ta tsaya cak. Mai ne ke juya ƙafafunta, in ji Gabriel, kuma yakan faɗi haka a hankali yana shafa ta. Ya sa maƙeri ya ƙera mata garma, ya ce zai noma gonar babanmu, ya cika ta bakwai tun Dinah na iya gani.

Birkinta ne ba ya ci. Ladan bakanike ya kwanta a ƙarƙashinta, ya fito da wani faifai kamar murfin gwangwanin madara, da takalman birki biyu da suka cinye suka koma kamar farce. Ya ce ko a Kontagora ba za a samu ba, amma in an ba shi kwana uku zai yanko daga na babur. Ya kuma nuna masa wani ƙarfe a bayanta, wanda in an ja shi mai ke sakin ƙafafun don a tura ta da hannu.

"Wanga ƙarfe, Baba Soja," in ji Ladan, "kak ka taɓa shi bisa tudu."

Gabriel ya ce kwana uku sun yi yawa, ruwa ya riga ya sauka. Wai abin da ke tsayawa da kansa, me zai yi da birki? Na ce masa taurin kai ne kawai, ya ce in je in dama kunu.

Da safe ya ɗaura mata amalanke, ya ɗaure kujera a ciki, Dinah ta zauna da zanenta na coci. Na bi su a ƙafa. Gajimare ya sauko har ya taɓa kan tudu, ƙasa tana ƙamshi. Ya ajiye mu a saman gonar, ƙarƙashin ɗorawa, ya shiga huɗa. Wuni guda muna kallonsa yana zuwa yana dawowa, ƙasa baƙa tana juyawa a bayansa, balbelu suna biye. Dinah ta ce ba ta ganin fuskarsa, ja kawai take gani yana yawo, amma ta gane zaman nasa ne. Da la'asar ya gama. Ban taɓa ganinsa gaba ɗaya a wuri guda ba sai ranar.

To, kowa a garin nan ya san gangara ba ta cin fetur. 'Yan acaɓa kashe inji suke yi, shi ma haka ya saba tun yana soja. Ya mayar da amalanke, Dinah ta hau, ya kashe inji, tarakta ta ƙi motsi. Sai ya sa dutse a gaban ƙafarta, ya zagaya ya ja ƙarfen nan, ya hau, ya ce in ture dutsen. Ni ma na manta da Ladan. Na ture.

Ba ƙara ko kaɗan. Suka sulala a hanyar da ke gefen gonar kamar kwale-kwale, ɗankwalin Dinah ya tashi ya rataye a ƙaya, ina jin dariyarta, don ta ɗauka haka aka shirya. Ni na ga ƙafarsa tana dukan birki, tana dukan abin takawa na komawa baya, babu wanda ya amsa. A ƙasa kuwa rafi ne, ya cika, duwatsu sun fito da kai. Na bi su da gudu.

Sai ya karya kan taraktar ya faɗa cikin gonar. Ta riƙa haye kunyoyin da ya wuni yana yi, tana rusa su ɗaya bayan ɗaya, har ta gaji ta nutse a tsakiya. Amalanken ya karkata a hankali, ya sauke Dinah a ƙasa mai laushi.

Ko da na iso yana durƙushe yana laluba ƙafafunta, hawaye na zuba. Ba ta ji ciwo ba. Ya dubi gonar, ya ce ta bakwan ma ya ɓata ta, kuma saura kaɗan ya kashe wadda ake yi dominta.

Dinah ta lalubo hannunsa, ta ɗora a kan tafinta.

"Gabriel, ta bakwai an noma ta tuntuni. Ni na noma, ni da Leah, shekarar da ka tafi. Baba ya ƙirga maka ita."

Gaskiya ne. Ina 'yar shekara goma sha biyu, muka yi ta da fartanya, don kada a ba da ita ga wani. Ita ta hana a gaya masa, don kada ya ji kunya, ni kuma na yi shekaru ina kiransa Mai Shida alhali na sani.

Ya daɗe yana shafa kantar da ke tafinta, wadda ya ɗauka ta daka ce. Sannan ya goya ta a bayan nan nasa mai ciwo, suka gangara gida a ƙafa. Taraktar ta kwana uku a gonar, sai da Ladan ya hau ya sa mata birki.