Takardar da na rubuta a Villeurbanne

Har yau idan na tuna takardar nan raina ɓaci yake. Ina karatun lissafi a Villeurbanne, kusa da Lyon a Faransa, wani ɗan garinmu ya zo ɗakina ran Lahadi, ya ce in bayyana masa wasan kartar da ake kira blackjack, wai don sani kawai. Na yi jinkiri, amma na ga kamar ai lissafi ne. Na rubuta masa: in jimillar kartarka ta kai goma sha bakwai ka tsaya, in goma sha ɗaya gare ka ka ƙara karta. A ƙasa na sa da jan biro cewa ko an bi wannan, gidan caca ne ke ci a ƙarshe, kuma caca haramun ce.

Bayan wata biyu na je Paris gai da kawuna, wanda shi ke nema mini aure a Damagaram, a shagonsa na unguwar Goutte d'Or. Ya miƙo mini wayarsa. Takardata ce, da rubutun hannuna, tana yawo tsakanin 'yan kasuwa, an yanke jan rubutun.

Kawu ya ce, "Malam, abin da ka zo Faransa koyo ke nan?"

Na fara cewa wataƙila an yi rashin fahimta, ya ɗaga mini hannu.

A jirgin ƙasa na komawa Lyon na kira ɗan garin namu. Ya yi dariya ya ce, "Haba abokina, ai kowa yabonka yake!" Kafin in sauka, saƙon kawu ya shigo: ya ce wa iyayen yarinyar su dakata da maganar auren.