Littafin Aro da Gwangwanin Madara

Kyat! Ƙarar da na ji ke nan daga ɗaki, ina tsugune bakin murhu ina dama koko, wata Asabar da safe. Yagewar takarda ce. Na ɗauka auta ce ke ɓarnar littafin makarantarta kamar yadda ta saba, ban ko waiwaya ba.

A gidanmu na Ƙofar Durbi akwai wani gwangwanin madara bisa tagar kicin. Duk takardar da aka tsinta a ƙasa mai rubutun Arabiyya, ko da ta ƙunshin ƙosai ce, nan ake sa ta, in ya cika in ƙone. Haka na tashi na ga mahaifiyata na yi. Auta, mai shekara shida, ta fi kowa riƙe wannan ɗabi'a. Ko a hanyar Islamiyya ta hango takarda sai ta duƙa, ni kuwa in yi ta sa mata albarka.

Jim kaɗan sai ga ta da takardu a ninke.

"Mama, ga sunan Allah."

"Allah ya yi maki albarka. Sa a gwangwani."

Gwangwanin ya cika har ya ƙi rufuwa, ga wuta tana ci. Na yi bisimilla na juye shi cikin murhu.

Yayarta, ɗiyata ta fari, wadda ba na kiran sunanta, wata huɗu ke nan da ta gama makarantar lauyoyi. Ofishin da ya ɗauke ta ƙarami ne, littattafansu ba su cika kanta ɗaya ba. Mai ofishin ya miƙa mata shari'arta ta farko, ta gadon wani gida da wasu marayu ke ciki, za a zauna ranar Laraba. Abin da ta dogara da shi ɗaya ne, wani ɗakin karatu na lauyoyi, inda ake ba sababbin fitowa kati na shekara guda in babban lauya ya sa masu hannu. Sati uku ta yi tana zarya kafin nata ya fito. Dokar wurin kuwa, littafi ba ya fita, wanda ya ɓata littafi a karɓe katinsa. Amma dattijon da ke kula da ɗakin, wanda kowa ke ce wa Malam, ya ga Juma'a da wuri ake rufewa, ya tausaya mata. Ya ba ta wani tsohon kundin hukunce-hukunce da ba a samu a waya, ya ce Litinin ƙarfe takwas ya gan shi a gurbinsa.

Kyat! Wannan karon na tashi.

Littafin na buɗe bisa tabarma, dab da takalman yayar, ita tana wanka. Auta na durƙushe da falle ɗaya a hannu. Turanci ne daga sama, a tsakiya kuma ga ayar gado da baƙaƙen Arabiyya, inda alƙali ya kafa hujja.

"Innalillahi! Mi kika yi?"

"A ƙasa Yaya ta bar shi, kusa da takalmi. Ya yi mani nauyi, na kasa ɗagawa."

"Nawa kika cire?"

Ta ɗaga yatsu uku. Na dubi ɗaya da ke hannunta, na waiwaya kicin.

Da yayar ta fito ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta duba lambar shafi, ta sake dubawa.

"Ina sauran biyun?"

"Ni na ƙone su," na ce.

Ta ruga kicin da ɗan zanenta, ta sa hannu cikin toka mai zafi tana tonawa. Babu komai sai wani ɗan gefe baƙi, da ta taɓa shi ya ruguje. Ta juyo kan auta hannu a ɗage, na shiga tsakani.

"In duka ne ki fara da ni. Abin da na koya mata ta yi."

"Mama, katina! Sati uku ina yawo a rana! Kuma hukuncin da nake nema ke nan, ko kwafe shi ban yi ba."

Ranar babu wanda ya sha kokon. Lahadi da la'asar ta same ni ina tsintar shinkafa, ta zauna nesa kaɗan, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Littafin nan, Mama, rabon da a buɗe shi ya fi shekarun auta. In na manna ɗayan na mai da shi gurbinsa, babu mai sani."

Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta so hakan. Na tuna yadda take dawowa da kumburarrun ƙafafu, na tuna marayun. Na daɗe ina juya shinkafar da babu sauran tsakuwa a cikinta.

"Ran da aka sani fa, wa za a kama?"

Ta sunkuyar da kai, na ci gaba.

"Malam za a kama, ko wani ɗan mutane da ya karanta bayanki. Ke da za ki tsaya gaban alƙali ranar Laraba ki ce a ba marayu haƙƙinsu."

"To shi ke nan, a karɓe," ta ce, ta tashi. A sallar magariba sau biyu ina rikicewa a lissafin raka'a.

Litinin muka hau keke napep mu uku, littafin naɗe cikin sabon ɗankwalina. Ban taɓa shiga wurin ba. Ɗaki ne dogo mai sanyi, fanka na juyawa a hankali, kantoci har rufi, littattafan duk launi ɗaya kamar an haife su rana ɗaya. Samari da 'yan mata cikin baƙi da fari sun duƙufa, ba ka jin komai sai buɗe shafi. Duk buɗewa ɗaya sai gabana ya faɗi.

Malam na zaune bakin ƙofa da babban rajista. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi 'yan makaranta.

"Barista, yau har da rakiya? Ko tsoron alƙali ya fara tun yanzu?"

Babu wanda ya yi dariya. Na kwance ɗankwalin, na ɗora fallen bisa littafin, na faɗa masa komai, har gwangwanin. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya buɗe wurin yagewar ya shafa da yatsa kamar mai duba rauni. Wata da ke karatu kusa ta ɗago kai.

"Ke ce mai aikin?" ya tambayi auta.

Ta ɓoye bayana, ta gyaɗa kai.

"Mu ma gwangwanin nan gare mu a gida," ya ce. Ya nisa. "Hajiya, ba zan iya rufewa ba. Littafin ba nawa ba ne, amana ce. Zan rubuta, kuma sunana zai riga nata, don ni na fara taka doka. Katinta zai zauna wurin shugaban ɗakin karatun har sai an samo madadin shafukan nan, kuma wannan ba aikin sati ɗaya ba ne."

Ɗiyata ta ciro katin daga jaka, ta miƙa. Bai karɓa ba.

"Wa ya ce ki ba ni yanzu? Ni ba na rubuta rahoto sai na yi la'asar. Kanta ta huɗu, can ƙasa, akwai wani hukunci da ya ɗauko maganar wancan, bai kai shi ƙarfi ba amma zai tsaya. Ki zauna ki kwafe da hannunki. Ƙarfe huɗu ki ajiye mani katin nan."

Ta buɗe baki za ta yi godiya, ya nuna mata agogon bango. Ta wuce da sauri ba ta ko dube mu ba. Na ce, "Malam, kai fa?" Ya ce shi da mai tuhumarsa sun san juna, in je gida kawai.

Muka hau keke napep ni da auta, muka wuce hasumiyar Gobarau. Ina ta tunanin ƙarfe huɗu, da Laraba, da takardar da dattijon nan zai rubuta a kan kansa saboda mu. Da muka sauka bakin lungu, sai ta tsaya cak. Wata 'yar takarda ce a gefen kwata, iska na kaɗa ta. Ta dube ta, ta mai da hannuwanta baya, ta ɗago kai.

"Mama, wannan in ɗauka, ko in bar ta a ƙasa?"