Juma'ar da Inna Ta Ga Yayarta

Shekarun baya, lokacin ina aiki a buron wani kamfani a Kossodo, aka raba mana tsofaffin kwamfutocin da ofis ya gaji da su. Tawa baƙa ce mai nauyi kamar dutsen niƙa, kafin ta buɗe ka gama shan shayi. Na ji ana cewa wani tsarin kwamfuta mai suna Linux yana tayar da irin waɗannan tsofaffi, ni kuwa ba na jin abu in bar shi. Ranar wata Lahadi na goge duk abin da ke cikinta na ɗora mata shi. Ta tashi garau, na yi ta yawo a tsakar gida ina ji da kaina. Sai da na zo shiga intanet na ga babu ko alamar wifi.

Washegari saƙo ya zo daga Kumasi. Yayar mahaifiyata, wadda aure ya kai can tun ba a haife ni ba, jikinta ya tsananta. Rabonsu da ganin juna ya fi shekara goma. Ɗanta ya ce ranar Juma'a bayan masallaci zai je gidan da wayarsa a haɗa su, don ranar kaɗai yake samun sarari. Inna, wato mahaifiyata, ba ta iya doguwar tafiya a mota saboda gwiwa, idonta kuma ya yi yana, fuska a allon waya inuwa kawai take gani. Dole sai babban allo. Babban allo kuwa guda ɗaya ne a gidanmu na Zongo, shi ne wanda na gurgunta da hannuna.

Rezon waya, wato sabis, a gidanmu sai ka tsaya a bakin ƙofa ka ɗaga hannu sama, saboda haka wifin maƙwabcinmu muke ja, akwatinsa yana saman bene. Ranar Talata na hau can da kwamfutar, na soka mata kabul daga akwatin kai tsaye. Shiru. Na cire, na hura ramin, na sake sokawa. Shiru dai. Abin da na karanto a waya ya ce pilot ne babu, wato ɗan abin da ke sa tsarin ya gane katin rezon da ke cikin na'urar. Kuma daga intanet ake sauko da shi. Ina neman intanet don in samu abin da zai ba ni intanet! Na yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Laraba bayan aiki na hau moto, wato babur, na nufi Wemtenga, wurin ɗan kawuna mai shagon gyara. Taubashina ne, bai taɓa ganina ya raga mini ba.

"Injiniya ta iso! Wa kika kashe yau?"

"Kai dai duba, ba wasa ya kawo ni ba."

Ya buɗe wata baƙar taga a allon ya yi 'yan rubuce-rubuce, sunayen katunan suka fito. "Bon, pilot biyu ne babu, na kabul da na wifi. Kin sayi moto kin baro tayoyi a butik."

Ya haɗa wayarsa da kwamfutar da igiyar caji, ya ara mata intanet, ya sauko da su biyun, ya kashe ya kunna. Wata 'yar fitila shuɗiya ta kama a gaba. Na koma gida na gwada a ɗakin Inna, komai lafiya lau. Na ce mata ta ajiye a wurinta, kar yaran gida su taɓa.

Alhamis da safe na karɓa na kunna, fitila a mace. Na ce lallai pilot ɗin ne ya fita, na yini a ofis ina cirewa ina sake sakawa, har na kusa ɓata na kabul ɗin ma. Da la'asar na koma Wemtenga fuska a murtuke. Taubashina ya karɓa, ya juya mini baya, ko minti ɗaya bai yi ba ya miƙo mini, fitila tana ci.

"Me ka yi mata?"

"Tofi na yi. Hannun manya ne, ke ba ki kai ba."

Na roƙe shi har na gaji, yana ta dariya. Daga baya ya ce shi a zatonsa a jaka na bangaje abin, ba zai sake faruwa ba, shi ya sa ya ga damar ja mini rai.

Juma'a ban je aiki ba. Da hantsi na kunna, fitila a mace. Na kira shi, bai ɗauka ba. Na sake bin duk hanyoyin jiya, har aka fara kiran salla. Inna ta yi wanka tun safe, ta sa leshinta na zuwa biki, ta shafa kwalli a idon da ba ya gani sosai, tana zaune a bakin gado. Ban taɓa jin kunya da tsoro irin na ranar ba. Na ce mata, "Inna, ya ƙi."

Ta ce, "To, Allah bai yi ba. Kawo in ajiye."

Kullum ita take miƙo mini kwamfutar a buɗe, ban taɓa tsayawa na ga ajiyar ba. Ta jawo atamfa daga ƙarƙashin matashi ta shimfiɗa. Inna 'yar masu fataucin zannuwa ce, ƙullinta ƙullin dila ne: kusurwa huɗu a haɗe, a ja da ƙarfi, a danne gefe da babban yatsa. Tana jan zanen ya goge gefen kwamfutar, na ga wani ɗan maɓalli baƙi, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Ban ma san yana wurin ba. Jan ƙullin ne yake tura shi baya, ya kashe wifi daga jikin na'urar. Na tura shi gaba da farce, na kunna. Shuɗiya!

"Ni ce nake ɓatawa?" in ji Inna, muryarta ta yi ƙasa.

"A'a, Inna, ni ce ban iya ba. Amma me ya sa kike ɗaure ta haka?"

"Abin da zan ga Yaya a ciki zan bari a fili?"

Bayan an sauko daga masallaci kira ya shigo. Inna ta kai fuskarta dab da allon, har mutanen Kumasi goshinta kaɗai suke gani, sai da na ja ta baya. Suka kalli juna. Sannan yayar ta ce daga kan shimfiɗarta, "Kin tsufa."

"Ke fa, Yaya? Yarinya kika koma?"

Suka yi dariya har tari ya sarƙe maras lafiyar. Suka tambayi 'ya'ya da jikoki ɗaya bayan ɗaya, suka yi musu a kan wata tukunyar mahaifiyarsu da kowacce ta ce ɗayar ce ta ɗauke. Can Inna ta ɗora tafin hannunta a kan allon ta ce, "Yaya, ki yafe mini." Aka amsa daga can, "Ba ki yi mini komai ba. Ni ma ki yafe mini." Ni dai na fita tsakar gida, don ban iya tsayawa ba.

Yau ni ce 'yan unguwa suke kawo wa irin wannan matsala, kuma kafin in zargi pilot sai na juya na'ura na duba gefenta, na tambayi mai ita inda take kwana. Amma ba wannan ne ya fi zama a raina ba. Abin da ke taɓa ni shi ne, ni na kwana biyar ina ganin tsohuwar na'ura mai taurin kai, Inna kuwa tana riritata kamar amana.

Makonni kaɗan bayan nan yayarta ta rasu. Mata suka cika gidanmu gaisuwa, wata ta ce abin tausayi, 'yan'uwa biyu har aka rabu ba a gana ba. Inna ta ɗago kai ta ce, "Mun gana. Na ga idonta, ta ga nawa, mun yafi juna."