Robar da Tela Ya Ɗinka a Cikin Wando

Shekara talatin da biyu Tela ya yi yana taka keken ɗinki a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin bene, tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da fenti. Ƙafar hagu ce ta fara yi masa gardama: in ya taka, sai ta ƙi dawowa. Aka sha maganin sanyi, aka sha na jijiya, aka cinye shekara ana zagayen ƙananan asibitoci kafin hoto ya nuna ƙari a cikin lakarsa, daidai tsakiyar baya. Likitocin babban asibiti suka yi masa tiyata ta awa tara. Sun cire abin da zai ciru, suka bar wani ɗan guntu da ya manne wa jijiya.

Saboda guntun nan aka sa shi cikin wani bincike. Duk bayan wata uku zai zo ya yi tafiyar mita goma a barandar hawa na biyu, nas na riƙe da agogo. Likitar da ke binciken ta yi masa bayani har sau biyu: in tafiyar ta lalace, alama ce ƙarin ya motsa, sai a ɗauki hoto da wuri, wataƙila a koma tiyata.

Maganar komawa tiyatar nan kaɗai ta zauna masa a rai. Bai manta wata huɗun da ya yi a kwance ba, matarsa na juya shi kamar buhu.

Da ƙafar ta fara saki, yatsu na jan ƙasa, gaban takalmin na cinyewa, sai ya yi abin da ya saba yi wa rigar da ta karkace: ya gyara daga ciki. Ya yanko roba mai faɗi, irin ta ƙugun wando, ya ɗinka ta a cikin ƙafar wandonsa. Baki ɗaya ya ɗaure a ƙasan gwiwa, ɗayan ya maƙale a igiyar takalmi. In ya ɗaga ƙafa, robar ta ɗaga masa yatsun. Ko zare ɗaya ba a gani daga waje.

Zuwa uku ya yi a haka. Sakan sha huɗu, sha huɗu, sha uku.

"Baba, kai kam gasar gudu za mu kai ka," in ji nas ɗin.

Matarsa ce ke wanke wandon, don haka ta sani.

"Baban yara, wa kake ruɗa?"

"Likitar nan ta wahala a kaina. Sai in je in ɓata mata takarda?"

"Takardar ce za ta riƙa kai ka banɗaki?"

A lokacin ma ƙafar dama ta fara yi masa nauyi da safe, bai gaya wa kowa ba.

A zuwa na huɗu matar ta ce za ta raka shi. Suka yi awa uku a kan benci. Da aka kira shi ya tsaya a kan layin farawa, sai ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Sista, ki ce ya naɗe ƙafar wando."

Nas ɗin ta durƙusa ta naɗe da kanta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tafi ta kira likita.

Likitar ta zauna kusa da shi a kan bencin, tana jujjuya robar a hannu. Fuskarta irin ta wadda ta ga mutum arba'in tun safe.

"Ɗinkin ya yi kyau, Baba. Tun yaushe?"

"Wata tara."

Ta buɗe fayil, ta ja layi a kan lambobi uku. Aka sa shi ya yi tafiyar ba roba. Ya dafa bango sau biyu. Sakan talatin da ɗaya.

A makon aka ɗauki hoto. Ƙarin ya girma. Likitar ba ta ɓoye masa komai ba: ƙafar hagu da wuya ta dawo, ta dama kuwa ana iya ceto ta in an yi aikin cikin mako biyu.

"Wata nawa zan yi a kwance wannan karon?"

"Ban sani ba, Baba."

Ya dubi matarsa. Ita ma ta gaji, ya gani. Ya karɓi biro ya sa hannu a takardar tiyata. Da suka fito baranda ya zaro makullin shago daga aljihu ya miƙa mata.

"Akwai yadin mutum shida da ban yanka ba. Ki mayar musu."